Kwamfutar da Injiniya Ta Bari

Abban Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya, irin lafiyar da ake faɗa wa mai tambaya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ina da lambarka. Ka san dalili. Duk sanda ka kira sai mu gaisa, mu yi shiru, ina jin numfashinka kana jin nawa, har ɗayanmu ya ce to sai an jima. Abin da nake son tambayarka ba zai samu wuri a cikin wannan shirun ba. Shi ya sa na ba direban motar kamfaninku mai kai muku kaya, ya ce zai sa maka a hannu.

Maganar kwamfutar 'yarmu ce. Tun da Allah ya karɓi abarsa ban taɓa ta ba. Tana kan teburinta yadda ta rufe ta, cajar ma na nan a soke. Sai makon jiya malamarta ta biyo shago ta ƙara yi min gaisuwa, take tambayata ko na kalli fim ɗin da Injiniya ke haɗawa na kammala karatu, wanda ta yi wata da watanni tana bin mu da kyamara a shagon ɗinki har muka daina ganinta. Na ce ban kalla ba. Ta ce an goge na'urorin makaranta saboda sababbin ɗalibai, don haka idan akwai sauran fim ɗin a duniya, yana cikin ƙaramar kwamfutar nan ta gida.

Na dawo na kunna ta. Ka san ba ta taɓa ɓoye min kalmar sirrinta ba. Ta buɗe, amma komai a cikinta tafiya yake kamar mai ciwon ƙafa. Na danna manhajar tace fim, na tashi na goge riga guda na dawo, sannan ta gama buɗewa. Da na danna ya fara, hoton ya tsaya cak a kan hannuna riƙe da almakashi, fankar ciki ta hau kuka, murya na fitowa a gutsuttsure. Daga nan manhajar ta ɓace daga allon, ba wanda ya taɓa ta. Na sake, ta sake.

Na ji muryarta, Abban Injiniya. Ta ce, "Umma, ɗan ɗago ka…" sai ta yanke. Ko kalmar ba ta ƙarasa ba.

Kai ka sa mata wannan tsarin naku na kyauta, da kuke cewa kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Ku biyu kuka san kansa, ni kallonku kawai nake yi in kun haɗa kai kuna rubuce-rubuce a baƙin allo. Ka gaya min abin da zan yi. Ka rubuta dalla-dalla, ka san ni da keken ɗinki na saba.

Ka kula da kanka. A gaida abokan aiki.

Maman Injiniya

* * *

Maman Injiniya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Ina lafiya, aiki da godiya. Allah ya ƙara mana haƙuri.

Abin da kika gani ba lalacewa ba ce, kada ki damu. Bari in yi miki bayani.

Manyan kwamfutoci suna da wani kati na musamman mai zana hoto, da wurin ajiyarsa na kansa. Wannan ƙaramar ba ta da shi. Ɓangaren da ke zana mata hoto a cikin ƙwaƙwalwarta yake zaune, kuma daga wuri ɗaya suke ɗiba shi da sauran manhajoji. Wurin nan shi muke kira ram. Ki ɗauke shi kamar teburin yanka a shagonki: duk abin da ake aiki da shi sai ya hau kai. Nata ƙarami ne, gig huɗu, kuma a like yake da jikin na'urar, ba a ƙara shi. Hotunan da aka ɗauka kuwa manya ne ƙwarai. Idan teburin ya cika, tsarin da kansa yake rufe manhajar da ta fi cin wuri don kada komai ya tsaya. Abin da ya faru ke nan da kika ga ta ɓace. Mai na'urar a makaranta take yin aiki mai nauyi, a gida ƙananan gyare-gyare kawai take yi.

Kafin komai, ga faifai na ba direba. Ki jona shi, ki kwafe babban fayil ɗin fim ɗin gaba ɗaya a ciki. Zai ɗauki lokaci. Ki bar shi ya gama.

Bayan haka ki buɗe baƙar tagar nan da kika sha ganinmu a ciki. Akwai hotonta a ƙasan allo. Ki rubuta free -h ki danna babban madannin dama, ki kwafo min lambobin da suka fito. Sai ki rubuta top, ki faɗa min sunan da ke sama. Ina kyautata zaton burauza ce, wadda ake shiga intanet da ita. Mai na'urar tana da ɗabi'ar barin shafuka a buɗe. In haka ne, ki rufe ta, za ki ga bambanci nan take.

Akwai kuma yiwuwar direban hoton ne bai dace ba. Wannan sai na ga lambobin tukuna.

Hanya mafi sauƙi ita ce, in kin gama kwafewa ki aiko min da faifan. Muna da babbar na'ura a ofis, za ta haɗa fim ɗin kafin a sha shayi, in mayar miki da shi kammalalle.

Ki gaida matan shago. Na gode.

Abban Injiniya

* * *

Abban Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya.

Na yi abin da ka ce. Lambobin na nan a bayan takardar, na kwafa yadda suke. Ko ni da ban san komai ba na ga wurin da aka rubuta abin da ya rage kusan babu. Sunan da ke sama kuma burauza ce, ka yi gaskiya.

Maganar direban hoto, sai da na tsayar da direbanku a ƙofar shago na tambaye shi ko shi ne ko akwai wani. Bawan Allah ya tsaya yana kallona, ya ce shi dai kaya yake ɗauka. Mataimakiyata ta yi dariya har ta soki yatsanta. Ni ma na yi, sai na ji abin baƙo a bakina.

Amma ba zan rufe burauzar ba. Ka san abin da ke ciki? Shafukan da ta bari ne, suna jere a sama kamar yadda ta tashi ta bar su ranar da ta ce kanta na ciwo, bari ta ɗan kwanta. Akwai wani takalmi mai igiya da ta yi ta nuna min ina cewa na maza ne. Akwai wata makaranta da take son ci gaba da karatu, ta cike rabin shafin. Akwai yadda ake cire tabon man keke daga farin yadi, wannan saboda ni ta nema. Sauran ban duba ba tukuna. Ba ta gama da su ba, kai kuma ka ce in rufe, zan ga bambanci nan take.

Faifan ma ba zan aiko maka ba. Kada ka ɗauka raini ne. Ba na son wata na'ura a wani ofis ta riga ni ganinsa, mutane na wucewa ta baya da kofin shayi suna leƙe. A ɗakinta zan kalle shi, a kan teburinta. In da hanya, ka nemo min. In babu, ka faɗa min babu.

Sai abu na ƙarshe. Ka cika min shafi biyu, kuma sau biyu ka kira ta mai na'urar. Na karanta na sake karantawa ko zan ga inda ka ce 'yata, ko Injiniya, sunan da kai da bakinka ka laƙaba mata. Ban da a gaisuwa da sa hannu, ban gani ba. Lokacin da ka nemi a mayar da kai tashar nan mai nisa, ban hana ka ba. Na ce kowa da yadda yake ɗaukar nasa. Na bar ka ka tafi, na zauna da ɗakin da takalmanta da masu zuwa gaisuwa. Amma kada ka rubuto min kamar na kawo gyara shagonka.

Allah ya tsare. Ka riƙa cin abinci, direba ya ce ka rame.

Maman Injiniya

* * *

Maman Injiniya,

Assalamu alaikum. Na samu takardarki. Ina gaishe ki da kyau.

Ba sai shafukan sun ɓata ba. A saman burauzar akwai wurin da za ki ce ta adana duk shafukan da ke buɗe a jaka ɗaya. Na zana miki hoton wurin a ƙaramar takarda. In kin yi haka, ko kin rufe suna nan, a jerinsu, duk ranar da kika so ki buɗe su dawo. Ban san abin da ke ciki ba da na ce ki rufe. Takalmin na san shi. Ni ma ta nuna min, na ce ya yi kyau, ta ce in faɗa miki haka, na ce ba ruwana da shari'arku.

Direban hoto ƙaramar manhaja ce da ke koya wa tsarin yadda zai yi magana da ɓangaren zane. Daga lambobin da kika aiko, ina ganin ba ya amfani da ƙarfin ɓangaren yadda ya kamata, shi ya sa ƙwaƙwalwar ke ɗaukar nauyin duka. Na rubuta miki wasu layuka. Ki shigar da su a baƙar taga harafi da harafi, za su ƙirƙiri ƙaramin fayil na saiti. Sai ki kashe ki kunna. Na kuma rubuta yadda za ki ƙara wurin aro a kan faifan ciki, wanda na'ura ke jingina kaya a kai in ram ya cika. Ba shi da sauri, amma zai hana manhajar ɓacewa.

Game da abin da kika faɗa. Na zauna zan rubuta sunanta a waccan takardar, hannuna ya ƙi. Na yaga biyu kafin na aiko miki wadda kika gani. A nan ba wanda ya san ta. Ba wanda ke kallona da tausayi, ba wanda ke rage murya in na shigo. Ina hawa dogon ƙarfen sadarwa, ina jona waya, ina saukowa. Na ɗauka hakan zai yi min sauƙi.

Makon farko da na sa mata tsarin nan ta lalata shi gaba ɗaya. Na dawo daga aiki na tarar da ita gaban baƙin allo tana murmushi, ta ce, "Abba, na kashe shi da kaina, kada ka taɓa, ni zan tayar da shi." Ta hana ni zama kusa. Ta kuwa tayar da shi. Abin da nake gani ke nan duk sanda na buɗe baƙar taga, kuma aikina kullum a cikinta yake.

Ina fatan kin gama kwafewa a faifan da na aiko.

Ki huta lafiya.

Abban Injiniya

* * *

Abban Injiniya,

Sallama. Ka yi haƙuri da rubutun.

Allon ya mutu. Na shigar da layukanka yadda ka rubuta, na duba sau ba adadi, na kashe na kunna. Fitilar gefe na ci, fanka na juyawa, amma allo baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi da ke ƙiftawa a kusurwa. Na kashe na sake kunnawa, haka. Kuma ban kwafe a faifan ba. Na fara, ya tsaya a rabi ya ƙi motsi, na ce bari in gyara saurin tukuna sannan in kwafe. Ka ji. Yanzu komai na ciki.

Mijin mataimakiyata mai gyaran waya ne, ya zo ya duba. Ya ce shi bai san wannan tsarin ba, abin da zai iya shi ne ya wanke ta tas ya sa mata irin wanda kowa ke amfani da shi. Na ce me zai faru da abin da ke ciki? Ya ce zai tafi. Na karɓe ta daga hannunsa na ce na gode. Ban buɗe shago ba tun ranar. Ina zaune a ɗakin ina kallon layin nan yana ƙiftawa.

Kafin haka na adana shafukan, kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in rufe. A cikinsu akwai wani zaure na masu amfani da tsarin nan, inda ake tambaya ana amsawa. Ita ma ta yi tambaya. Wannan matsalar dai, ita ce ta kai musu: ƙaramar na'ura, hoto na tsayawa, manhaja na rufe kanta. Har da zolayarta, wai kwamfutarta tana numfashi kamar tsohon da ya hau bene. Mutane sun amsa mata. Na duba kwanan watan, duk bayan ta rasu ne. Ɗaya ya yi dogon bayani, na kwafo maka shi a baya tun kafin allon ya mutu. Daga baya mutumin ya sake dawowa ya rubuta layi ɗaya: "Ya yi aiki kuwa? Ki sanar da mu."

Ka gaya min gaskiya, kada ka lallashe ni. Na rasa ta a karo na biyu ne?

Maman Injiniya

* * *

Maman Injiniya,

Wa alaikumus salam. Ba ki rasa komai ba. Ki fara karanta wannan layin sau biyu kafin ki ci gaba. Fim ɗin na nan, shafukan na nan, ko harafi bai goge ba. Kada ki bar kowa ya taɓa ta.

Kuskuren nawa ne. Saitin da na ba ki na wani tsohon samfuri ne, bai dace da tata ba, shi ya sa ɓangaren zane ya kasa tashi. Layin da ke ƙiftawa alama ce tsarin na raye. Ki danna madannan nan uku tare, na zana miki su. Allon rubutu zai fito, ba hoto. Ki shigar da sunanta da kalmar sirri. Ba za ki ga kalmar tana fitowa ba, haka yake, ki ci gaba. Sai ki rubuta layi ɗayan da ke ƙasa, zai cire fayil ɗin da na sa ki ƙirƙira. Ki kashe ki kunna. Na gwada a wata na'ura irin tata da na aro, na lalata ta na gyara har sai da na tabbata.

In ta dawo, kwafewa kafin komai. Ki yi daga allon rubutun, ya fi sauƙi a kanta. Ko zai wuni, ki bar shi.

Mutumin zauren ya fi ni gaskiya. Ba direba ne matsalar ba, girman hotunan ne. Shawararsa ita ce a sa manhajar ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi na kowane yanki, ta riƙa nuna su a maimakon na asali. Na asalin ba a taɓa su. Hoton zai ɗan rage kyau, amma zai tafi ba tsayawa. Na rubuta miki inda za ki danna. Ki ɗora na'urar a kan wani abu don iska ta shiga ta ƙasa, ki bar ta ta yi aikinta.

Na shiga zauren, ina da suna a can tun da daɗewa. Na karanta tambayarta. Ta rubuta ta yadda na koya mata, samfurin na'ura, girman ram, abin da ta gwada, ba ta bar komai ba. Ban san ta yi ba. Ba ta tambaye ni ba, ta so ta gyara da kanta.

Na amsa wa mutumin. Na ce ni ne mahaifinta, Injiniya ta rasu kafin ta ga amsarsa, mahaifiyarta ce ke ƙoƙarin buɗe fim ɗin. Wannan ne karo na farko da na rubuta hakan da hannuna. Na tashi daga kujerar na fita bayan ofis, na daɗe ban dawo ba. Da na dawo na tarar ya amsa, shi da wasu da ban san ko a wace ƙasa suke ba. Ya ce shi ma yana da 'ya. Ya ce in an makale a ko'ina a faɗa masa.

Ki buɗe shago, ko na rabin wuni ne. Ina roƙonki.

Naki,
Abban Injiniya

* * *

Abban Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma yi maka godiya.

Ta dawo. Da hoton allon ya fito na kifa kaina a teburin, ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na kwafe komai a faifan, ya gama lafiya, na naɗe shi a ƙyalle na sa a akwatina. Ƙananan kwafin sun ci wuni guda. Na ɗora ta a kan gwangwanayen maɓallai biyu, tana ta huci, ni kuma na kawo ɗinkin hannu na zauna kusa da ita kamar mai jinya.

Na kalli fim ɗin. Ya tafi sumul daga farko har inda Injiniya ta tsaya da haɗa shi.

Yarinyar nan ta iya, Abban Injiniya. Ban san shagona haka yake ba. Ta ɗauki hasken safe yana sauka a kan zare, ta ɗauki ƙafata a kan keke, ta ɗauki mataimakiyata tana faɗa da wata mai kaya a kan tsawon hannun riga, kowa na rantsuwa. Ta ɗauke ni ina cizon zare, abin da kullum take hana ni. Kalmar da ta yanke ɗin nan na ji ƙarshenta. Cewa ta yi, "Umma, ɗan ɗago kanki, kin fi kyau in kina fushi." Ni kuma a ciki na ce ta matsa min daga haske, tana ɓata min lokaci.

Amma ba ta ciki. Ban yi tunanin haka ba sai da ya ƙare. Ita ke riƙe da kyamarar. Duk wahalar nan da muka sha, fuskata na yi ta kallo. Muryarta kawai, tana tambaya, tana dariya, tana cewa a sake. Na san muna da hotunanta, amma duk a tsaye take ta gyara fuska tana jiran a ɗauka. Ni ina son in gan ta tana aikinta, ba ta san ana kallonta ba.

Sai wuri ɗaya. Wajen ƙarshe, inda wata amarya ke gwada riga, kyamarar ta juya ta wuce ta gaban dogon madubin shago. Tana ciki. Ƙiftawar ido ne. Na tsayar da shi a wurin, na rubuta maka lambar lokacin a ƙasa. Na gane rigarta, ni na ɗinka. Amma fuskar ta dame, kamar an shafa yatsa a kan jiƙaƙƙen fenti, 'yan murabba'ai ne kawai. Na ce bari in koma na asali a daidai wurin. Na'urar ta tsaya, ta yi kuka, manhajar ta ɓace.

To ka ga inda nake. Ƙaramin yana tafiya amma ba ya nuna ta. Babban yana da ita amma ya fi ƙarfin na'urar.

Na buɗe shago jiya. Na tsaya gaban madubin na daɗe, har mataimakiyata ta zo ta ja ni ta zaunar.

Taka,
Maman Injiniya

* * *

Maman Injiniya,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarki a tsaye, a gaban direba.

Ba sai na'urar ta kunna babban ba. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne zana hotuna masu yawa a jere da sauri. Hoto ɗaya tak ba zai gagare ta ba. Ki rufe manhajar tace fim, ki buɗe baƙar taga, ki rubuta layin da ke ƙasa. Na sa lambar lokacin da kika aiko a ciki. Zai shiga cikin na asalin, ya ciro hotunan wannan ƙiftawar ɗaya bayan ɗaya da cikakken kyansu, ya ajiye miki a jaka. Ni da mutumin zauren muka duba layin tare, ba kuskure wannan karon. Ki buɗe su a hankali, ki zaɓi wanda ya fi fitowa.

Ban san abin da za ki gani ba. Wataƙila kyamarar ta rufe fuskar. Ki shirya wa hakan.

In ya fito, ki sa min ɗaya a ƙaramin filash na ajiya ki ba direba. Ko yaya yake, ina so.

Allah ya ba mu ikon ɗauka.

Naki,
Abban Injiniya

* * *

Abban Injiniya,

Sallama.

Ya fito. Kyamarar ta rufe rabin fuskar. Ɗaya idon a runtse yake, ta ɗan ciji leɓenta na ƙasa, akwai guntun jan zare maƙale a kafaɗarta. Har gashin girarta ana ƙirgawa.

Ban ba direba filash ba. Kada ka ɗauka rowa ce. Ni kaɗai na buɗe shi, ba kowa a gidan, kuma na san abin da ya yi min. Ba zan bari ka kalle shi kai kaɗai a wancan ofishin ba.

Ka nemi hutu. Ban san me za mu ce wa juna ba, wataƙila ba za mu ce komai ba. Na kawo kujera ta biyu ɗakin.

Allah ya kawo ka lafiya.

Maman Injiniya